Wai Jita Bare Ce? Martani Ga Wani Ɗan'uwa Marubuci

Yau dai na ajiye ƙagaggen labari gefe guda, domin akwai wata magana da ta tokare mini maƙoshi tun watan jiya, in kuwa ban amayar da ita ba, ko na zauna rubutu biro ba zai tafi ba.

A wajen walimar auren wani abokinmu ne a Funtuwa. An ci an sha, marubuta sun yi da'ira ana ta raha, sai wani ɗan'uwa, wanda zan sakaya sunansa domin ba tozarci na zo yi ba, ya dube ni ya ce, "Malam, ashe da gaske ne abin da muke ji, ka jingine biro ka rungumi jita?" Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su. To amma bai tsaya nan ba. Ya gyara zaman hularsa, ya shiga jero mini laifuffukana kamar mai gabatar da ƙara. Na farko, wai jita bare ce, ba kayan Bahaushe ba, kuma marubucin da ya kamata ya tsare al'ada shi ne ke jawo mana baƙin abubuwa. Na biyu, wai mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya mata da suka doshi aure, bai kamata a gan shi da kayan kiɗa ba, don kada gobe a ce musu 'ya'yan maroƙi. Na uku kuwa, wadda ita ce ta sosa mini rai, cewa ya yi ƙasarmu ta Pauwa tana ci da wuta, daga Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa, ni kuwa ina ƙunshe a ɗaki ina ƙwaƙular waya.

Ban ce masa uffan ba a wurin. Bikin wani ne, kuma ni bakina bai kai birona sauri ba. To ga amsar yanzu. Amma kafin nan bari in faɗa wa mai karatu abin da nake yi a ɗakin da ake magana, don na lura yawancinmu a fim kawai muka san jita, inda jarumi zai rataya ta a wuya yana yawo da yatsu inda ya ga dama, alhali sautin daga wani wuri yake fitowa.

Jita tsirkiya shida gare ta, a miƙe bisa dogon wuya, wuyan kuma an gicciya masa ƙananan ƙarafuna, tsakanin ƙarfe da ƙarfe shi ne gida. Wanda ya koya mini mutumin Nijar ne, saboda haka da sunayen da suke kiran tsirkiyoyin a can na san su: Mi, La, Re, Sol, Si, sai wata Mi, daga mai kauri zuwa siririya. In ka danne biyu ko uku a gidajen da suka dace, ka buga su tare suka ba da murya mai daɗi, shi ne malamina ke ce wa akor, yaran Kaduna su ce kod, ni kuwa kamu nake ce masa. Kamun farko-farko ba su da wuya. Cikin wata guda mutum zai iya kamun Mi da La da Re da Do da Sol, domin yatsa uku ne ke aiki, sauran tsirkiyoyin a sake suke suna taya ka. A nan ne mai koyo ke fara jin kansa, har ya soma tunanin sunan da zai raɗa wa ƙungiyarsa.

Sai ya iso kamun Fa. A nan babu tsirkiyar da aka bari a sake. Ɗan'alinka na hagu za ka kwantar a gicciye bisa gida na farko ya danne shidan gaba ɗaya, sannan dogon yatsa ya je gida na biyu a tsirkiyar Sol, na zobe da ƙaramin su je gida na uku a tsirkiyar La da ta Re, babban yatsa kuma yana bayan wuya yana tokarewa. Tsirkiyoyin ƙarfe in an ɗaure su daidai, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai wajen kilo 70, kuma a gida na farko suka fi tauri, saboda kusancinsa da ƙashin da suka hau a bakin wuya. Ka danna iya ƙarfinka, ka buga, sai ka ji tuf, kamar an doki buhun dusa. Ka sake gwadawa, biyu su yi magana, biyu su yi zuuu kamar ƙuda a kwalba, biyu su yi gum. Yatsa ya yi jawur da sawun waya, tsintsiyar hannu ta ɗauki zugi har gwiwa. Malamina ya ce mini in na ga jita rataye a bango ta yi ƙura, kada in tambayi dalili, Fa ce ta rataye ta.

Irin wannan kamu na kwantar da yatsa, masu Faransanci bare suke ce masa, wato abin da aka gicciya wa sanda. Shi ya sa da ɗan'uwan nan ya ce jita bare ce sai da na cije leɓe, domin ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi bai sani ba.

Wani zai ce, to me ya yi zafi da mutum zai azabtar da kansa haka? Dalili shi ne wanda ya iya bare ya mallaki wuyan jita daga sama har ƙasa. Kamun Fa ɗin nan kamun Mi ne aka matsar da shi gida ɗaya, ɗan'ali ya tsaya a madadin ƙashi. Ka ja hannun yadda yake zuwa gida na uku ya zama Sol, gida na biyar La, na bakwai Si, haka har na 12 inda za ka komo Mi a sama. Amfanin abin yana fitowa ne ranar da ka zauna da mai waƙa. Kowane maƙogwaro da inda yake zaune. Mace ta ɗauko waƙa can sama, ka duba kamunka biyar na sake ka ga babu wanda ya kai wurin. Mai bare sai ya zame hannu ya tarar da ita. Gaskiya ne akwai wani ɗan maƙali da ake ce wa kafo, da ake matse wuya da shi ya yi aikin ɗan'ali, kuma manyan makaɗa ma suna amfani da shi, sai dai shi inda ka maƙala shi nan yake zama, ba ya bin ka a tsakiyar waƙa. Mai fiyano kuwa abin ya fi masa sauƙi. Akwai wani maɓalli da zai latsa sau biyu ko uku, na'ura ta ɗaga masa sauti, yatsunsa ba su gusa daga inda suka saba ba. Ku riƙe maganar maɓallin nan, zan komo kanta.

Yanzu yadda aka yi jita ta shigo gidana.

Ni ɗan ƙasar Pauwa ne, can aka binne cibiyata, kuma duk wanda ya san yankin ya san girman sunan, tunda hakimin Ƙanƙara ma sarautar Sarkin Pauwa yake riƙe da ita. Sakandare na gama, na faɗa Kano na koyi rubutu da buga littafi a hannun na gaba da ni, daga baya na komo Funtuwa na buɗe ɗan shagon littattafai da kayan makaranta. Ina nan 2020 ta same mu. A watan Yuni aka yi wa Kadisau ta ƙasar Faskari kisan da ya girgiza kowa. Daren 11 ga Disamba aka shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji, sai bayan kwana shida aka sako su. Waɗannan su ne duniya ta ji. Waɗanda ba ta ji ba sun fi yawa, kuma mijin yayata yana cikinsu. A gona aka ɗauke shi. Aka sayar da shanun huɗa da gonar kanta aka biya kuɗin fansa, ya dawo gida ƙashi da fata, bai cika wata huɗu ba Allah Ya yi masa rasuwa. Damina ta 2021 na tsakiya yayata ta iso ƙofar gidana da yara huɗu da ƙullin kaya biyu.

Babban cikinsu namiji ne, shekararsa 15 a lokacin. Yaron da na sani da surutu kamar kanari ya koma gunki. Ka gaishe shi ya gyaɗa kai. In babur ya wuce da dare sai ka tarar da shi a ƙarƙashin gado. Abin da kawai ke ɗauke masa hankali tsohuwar wayata ce da na ba shi, ita ma a watan Satumba gwamnati ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Funtuwar tamu. Waya ta zama madubi. Yaro ya koma kallon bango.

Kusa da shagona akwai wani sito, mai gadinsa Buzu ne daga wajen Abalak. Yana da wata tsohuwar jita wadda bayanta ya tsage aka liƙe da salatif, bayan isha'i in ya ɗora shayi sai ya ɗauko ta yana taɓawa a hankali. Wata rana na aiki yaron ya kulle mini shago, shiru-shiru bai dawo ba. Hankalina ya tashi, na bi sawu, sai na same shi tsugune nesa kaɗan da Buzun nan ya saki baki. Kwana uku a jere haka. A na huɗu na ba wani direban Kaduna kuɗi ya sayo mana jita ta hannu. Kuma don in faɗi gaskiya, da farko ba koyo ya zaunar da ni wurin ba. Gudun bakin mutane ne, kada a ce na sake maraya ya bi 'yan kiɗa. Na je a matsayin mai sa ido, sai abin ya kama ni.

Babu intanet a watannin nan balle mu kalli bidiyo, saboda haka hannu da hannu muka koya, irin yadda maƙeri ke koya wa ɗansa. Da muka iso Fa muka cije, Buzun ya bar mu muka sha wuya mako guda cur kafin ya tanka. Sannan ya ce, "Malam, kai da yaro faɗa kuke da ita. Jita ba a kokawa da ita." Ya hana mu gida na farko, ya mai da mu na biyar inda tsirkiya ta fi laushi, ya ce sai hannu ya saba sannan mu riƙa gangarowa gida-gida. Ya nuna mana a ɗan mirgina ɗan'ali ya kwanta ta gefensa mai ƙashi, domin cikin yatsa tsoka ne da lanƙwasa, tsirkiya na faɗawa cikin lanƙwasar ta mutu. Ya ce yatsa ya matso dab da ƙarfen gaba, kada ya zauna tsakiyar gida. Ya ce babban yatsa ya sauko tsakiyar bayan wuya, kuma ƙarfin ya fito daga hannu gaba ɗaya ana ɗan ja baya, maimakon matsi da yatsa biyu kamar mai kashe kwarkwata. Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa, ya ce a kamun Fa tsirkiya uku kaɗai ke jiran ɗan'ali, wato mai kaurin can da siraran nan biyu, sauran ukun ai wasu yatsun sun riga sun danne su a gaba. Ashe rabin ƙarfin da nake zubarwa a banza yake tafiya.

Wani laifin ma ba namu ba ne. Da hunturu ya shigo itacen jitar ya bushe, wuya ya ɗan karkace, tsirkiyoyi suka yi nisa da ƙarafuna. Buzun ya duba ya girgiza kai, ya ari magagari wajen kafinta ya ɗan zurfafa ramukan ƙashin, ya sa muka sauya tsirkiyoyi da marasa kauri. Ya kuma kafa mana doka: minti goma a zama ɗaya, in zugi ya kai tsintsiyar hannu a ajiye.

Yaron mako biyar ya yi Fa ta fito masa tas. Ni sai da na shafe wata huɗu da 'yan kwanaki, yatsuna suka yi kanta har riƙon biro ya sauya. Ana cikin haka wani dare ina ta fama, sai na ji an ce, "Kawu, saki kafaɗarka, ka ɗaga ta kamar mai jiran duka." Na waiga. Tun zuwansu gidan ban taɓa jin ya fara magana da kansa ba sai ranar. Ba na cewa jita ta warkar da shi, don ni ba likita ba ne, kuma har yau ƙarar babur da dare tana tashinsa. Abin da idona ya gani kawai na faɗa.

To Malam, mu zo kan tuhumarka ta farko. Ka ce jita bare ce. Na yarda, a Sifen ta sami siffar da muka san ta da ita. Sai dai ina so ka nuna mini ɗan gida a cikin kayan da kake taƙama da su. Algaitar da ake busa wa sarakunanmu, daga ita har sunanta ta Arewacin Afirka suka ƙetaro hamada. Kakaki, tarihin Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa aka fara busa shi a can. Kuntigin Ɗan Maraya Jos da duniya ta san mu da shi, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata. Mu je kan sana'armu ni da kai. Ƙagaggen labari a littafi, da baƙaƙen boko, ai gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ce ta haifo shi, ita ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Abubakar Imam bai ɓoye cewa ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da Indiyawa ya rina su da Hausa a Magana Jari Ce ba. Mu kuwa na baya, wanene a cikinmu zai rantse fim ɗin Indiya bai shiga littafinsa ba? In bare ne abin ƙi, to mu fara da rufe shagunanmu.

Kuma wannan baren ya daɗe da zama ɗan gari a maƙwabta, mu ne ba mu leƙa ba. Mdou Moctar, mutumin jihar Tawa, da wayar birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko saboda gidansu ba sa son kiɗa. Ka san inda ya ɗauki faifansa na farko a 2008? A Sakkwato, cikin situdiyon Hausawa, kuma ta memorin waya waƙoƙin suka bazu har suka kai shi Amurka da Turai. Bombino na Agadas, wanda ya yi gudun hijira lokacin tawayen 2007, faifansa na 2018 ya shiga takarar kyautar Grammy. A Yamai akwai ƙungiyar Tal National, jagoransu ya yi aikin alƙali mai yanke shari'a da rana, kuma Hausa tana cikin harsunan da suke waƙa da su. Can babu wanda ya ce alƙali ya zubar da girma.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kai da ke kiran jita bare, wayarka cike take da waƙoƙin fiyano, kuma a walimar nan da idona na ga ƙafarka tana bin sauti. Fiyanon Yamaha a Pauwa ake ƙera ta, ko a Japan? Tun zamanin fim ɗin Sangaya ta mamaye mana kunne, kuma ita ce ta yi wa kayanmu na tsirkiya illar da kake ɗora wa jita. Yaro ɗaya a ɗaki mai labule, ya latsa nan kalangu ya fito, ya latsa can sarewa ta fito, ya latsa maɓallin nan da na ce ku riƙe, na'ura ta bi muryar mawaƙi duk inda ta je. Ba na raina su, akwai gwanaye a cikinsu, kuma neman halak suke. Amma tun da abin ya zama haka, wane uba ne zai bar ɗansa ya shekara biyar yana bin mai gurmi? Haruna Uji ya tafi da gurminsa, Garba Supa da Ahmadu Doka sun tafi da kukumarsu, Ɗan Maraya ya bi su a 2015. Ƙirga mini magadansu da ka sani. Jita ba ta kori ko ɗaya daga cikinsu ba. Hasali ma yaron da yatsunsa suka yi kanta a kan tsirkiya shida shi ya fi kusa da ya ɗauki mai biyu, don ya riga ya san sauti daga fata da ƙashi yake fitowa.

Tuhuma ta biyu, ta 'ya'yan maroƙi. A nan zan tona asirin gidanmu, Allah Ya sa dangi su yafe mini. Kakana na wajen uwa makaɗin garaya ne. Shi ke yi wa mafarautan yankinmu kiɗa in za su shiga daji, kuma tsofaffi sun ce in ya taɓa ta har wanda bai taɓa riƙe baka ba sai tsikar jikinsa ta tashi. Da ya rasu 'ya'yansa suka jefa garayar cikin rumbu, aka hana kowa ambatonta. Ina yaro na taɓa hango ta, fatar ta yage, gara ta cinye sandar. Na tambayi Inna, ta make mini baki. Duk da wannan ɓoyo, da na tashi neman aurena na farko sai da aka bincika aka tono, aka ce ba a ba jikan maroƙi. Don haka Malam, barazanar da ka yi mini da 'ya'yana, na riga na ɗanɗana ta tun ban taɓa tsirkiya ba. Ɓoyewar ba ta tsirar da ni ba, garayar kawai muka yi asara.

Dubi irin namu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, duk muka yi tafi. Mutanenmu biyu, Ibrahim Sheme da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, tare da abokan aikinsu suka fitar da katafaren littafin tarihinsa a 2006, muka saya muka jera a kanta muna alfahari. Makaɗi in ya mutu ko ya yi kuɗi sai ya zama abin taƙamar Hausa. Yaron da ke koyon abin da zai mai da shi makaɗi kuwa ɗan iska ne. Daga sama muke so su riƙa faɗowa da gwaninta?

Kuma a ce marubucin littattafan soyayya ne ke jifa da wannan dutse! Har ka manta? Shekaru nawa aka yi ana kiran aikinmu adabin kasuwa cikin izgili, ana cewa mu ne muka lalata 'yan mata? Ka manta 2007, da aka tara littattafan Hausa a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a? A lokacin kai da ni bakinmu ɗaya, muna cewa a karanta kafin a yanke hukunci. Yau ka sami wanda kake gani ƙasa da kai, ka ɗauko sandar da aka doke ka da ita.

Da ta fuskar addini ka zo mini, da na saurara da ladabi. Na san malamai da yawa sun hana kayan tsirkiya, na kuma san akwai irin su Ibn Hazm na Andalus da suka halatta, ni kuwa ban kai in shiga tsakaninsu ba. Wanda ya bar kiɗa don tsoron Allah, na girmama shi, kuma in ya zo gidana jita ba za ta fito ba. Sai dai irin wannan mutum fiyano ma ba ya ji. Kai ba aya ka kawo mini ba, abin da mutane za su ce ka kawo.

Saura ta uku. Ka ce ƙasarmu tana ci da wuta. Ni za ka gaya wa? Ni na wanke mijin yayata. Buhun masarar da a da mutum shida ke ci a gidana, yanzu 11 ke cinsa. Na shekara huɗu ban kwana a garin da aka haife ni ba. Me kake so in ɗauka a maimakon jita, bindiga? Ko so kake in zauna in yi tagumi don a san ina cikin jimami?

Akwai abin da masu kallon wutar daga nesa ba su ƙirga ba. Suna ƙirga gawa da shanu da buhunan da aka kai daji, kuma ya kamata a ƙirga. Amma dandali ma ya mutu. Ƙauyukan da 'yan mata ke gaɗa a farin wata, tun magariba ake kulle ƙofa. Kalankuwa bayan kaka ta zama labari, farauta kuwa wa zai shiga dajin? Yaran da suka tashi a waɗannan shekaru kunnensu wani karatu ya yi. Ɗan yayata, ranar da ya iso, yana iya bambance ƙarar bindigar ɓarayin daji da ta 'yan sa-kai daga nesa, ya gaya maka ta wane gefe suke. Shekara 15! Irinsa dubbai ne a Funtuwa da Malumfashi da Katsina, ba makaranta, ba gona, hannu a sake. Kuma akwai masu zawarcin wannan hannu. Na daji suna so, masu ɗaukar fansa suna so, mai sayar da ƙwaya a bakin tasha yana so. Ni na sa wa nawa tsirkiya shida a hannu, yau kunnen nan nasa yana gaya mini Si ɗina ta sauka kafin ni in ji. Ya koma makaranta, ya gama sakandare, da rana yana tsare mini shago. In kana da abin da ya fi wannan da za ka ba sauran, bismillah, ni mai taya ka ne.

Kada in tashi ban taka nawa tudun ba. A littafina na uku, wanda na rubuta ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, jarumin ya ga jita a ɗakin abokinsa, ya ɗauka, kafin gari ya waye ya je ƙarƙashin tagar budurwa yana kaɗa mata har tana hawaye. Da hannuna na rubuta wannan, aka saya, aka sake bugawa. Kwanan baya na ɗauko shi na karanta wa Buzun shafin, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Haka muke yi. Likitanmu a littafi bai taɓa kwana a asibiti ba, matuƙin jirginmu bai san ƙamshin man jirgi ba, attajirinmu ba a san abin da yake sayarwa ba. Muna rubuta gwaninta kamar ruwan sama, saboda mu kanmu ba mu zauna mun koyi wani abu da hannu ba har ya yi mana ciwo. Littafin da nake kai yanzu akwai makaɗi a ciki, kuma babi biyu cur zai yi bai iya Fa ba. In masu karatu sun gaji su yi haƙuri, ni wata huɗu na yi.

A watan da ya wuce an kwatanta mini wani tsoho cikin 'yan gudun hijirar ƙasar Sabuwa da ke zaune a bayan gari, wai yana haɗa garaya. Mun je da yaron, mun same shi, ya ce in na kawo fatar akuya da ƙwarya mai kyau zai haɗa mana, amma idonsa ya yi rauni, sai dai yaron ya riƙa kama masa. Ranar Asabar za mu koma.

Kai kuwa ɗan'uwa, ka san shagona. Ka zo bayan la'asar kowace rana ban da Juma'a. Akwai shayi, jitar kuma tana jingine bayan ƙofa. Zan ɗora maka ɗan'ali a gida na biyar, ba ma na farko ba, in ga ko shidan za su yi magana.